Yadda Polydoor Maisabulu Ya Dafa Sunansa

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoban 1851, gari ya waye a Lisseghem da siririn yayyafi, irin wanda mutum ke rainawa har sai ya ji ruwa a cikin takalminsa. Da hantsi jirgin kogi daga Gent ya sauke wani akwati a bakin gada, kafin azahar kuwa manyan garin duk sun hallara a benen masaukin Farin Doki, inda Ƙungiyar Masoya Furanni ke zamanta.

Akwatin ya fito ne daga Sabuwar Granada. Bara waccan 'yan ƙungiyar suka haɗa hannu suka tura wani saurayi, Kamiel Lammens, ya ƙetare teku ya nemo musu tsirran da ba a taɓa gani ba a Turai. Kamar yadda masu wannan sana'a suka saba, bai faɗi takamaiman wurin da ya samo su ba, don kada 'yan kishiyar ƙungiya na Brussel su bi sawunsa. Akwati kawai ya aiko, da gaisuwa.

Aka ɓalle murfi. Dattawa suka haɗa kai suna leƙe. A cikin busasshiyar gansakuka akwai wasu ƙulle-ƙulle a yamutse, masu kama da albasar da aka manta a bayan rumbu.

"Tushen furen da ake kira okid ne," in ji Likita Rombaut, shugaban ƙungiyar, da muryar da yake sanar da mutuwa. "Sabon iri. Mu raba, kowa ya je ya gwada sa'arsa."

"Ya je ya kashe nasa, kake nufi," in ji Polydoor Tack.

Polydoor shi ne magatakardan ƙungiyar. Da sabulu ya yi arziki, ya sayar da masana'antar, ya koma kiwon furanni, amma har yanzu Maisabulu ake ce masa, abin kuwa yana ci masa rai. Ba shi da ɗa, sunansa kuma ba ya jikin komai sai kwalin sabulun wanki. Ga shi al'ada ce a duniyar masu furanni, duk sabon tsiron da ya yi fure karon farko, sunan wanda ya raine shi ake laƙa masa da Latin, ya zauna a littattafai har tashin duniya. A kan wannan Polydoor ya kwana, a kansa ya tashi.

Ya miƙe ya baje taswira a kan tebur, ya dangwala yatsa.

"Ku duba nan. Ƙasar nan a kan layin da ya raba duniya biyu take zaune. Can ko ƙwai ka ajiye a inuwa dahuwa yake yi. Akwatin bara kun raba, kowa ya kai nasa ɗakin gilashi ya hura 'yar wutar shayi, suka mutu. Sanyi ya kashe su! Ni kuwa shekara talatin ina sarrafa wuta da tururi. Ku ba ni duka, in ban kawo muku fure a bikin nunin watan Maris ba, ku kira ni jaki."

"Wannan ai ba sai Maris ba," wani ya faɗa daga baya.

Aka yi dariya, amma aka ba shi, don kowa ya gaji da binne nasa. Sai dai Polydoor ya san halin Likita da son a san da shi, saboda haka ya sa sharaɗi, ya kuma rubuta shi da hannunsa a dokokin ƙungiya: sunan furen ba na shugaba ba ne, ba na wanda ya fi ba da gudummawa ba ne, ba na mai gida ko mai lambu ba ne, na wanda ya shayar da shi da hannunsa ne har ya buɗe, ko wane ne shi. A zaman nan ya rubuta wasiƙar da za a aika wa masana a Gent don su shigar da sunan. Ya bar gurbin kwanan wata, amma gurbin suna ya cike shi da manyan baƙaƙe, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji.

A gida matarsa Eulalie ta dubi kayan ta ce, "To, Allah ya sa alheri," ta koma ɗinkinta. Surukarsa ce ba ta bar zancen ya wuce ba. Tsohuwa Apollonia Braeckman ta haura tamanin, tana zaune a ƙaramin ɗakin da ke fuskantar arewa, ba ta da haƙori ko ɗaya amma cizonta ya fi na mai talatin da biyu.

"Mijin Eulalie, wannan albasar ce aka tura ɗan mutane bangon duniya ya ɗebo? Ai da kun tambaye ni, akwai irinta a kwandon shara."

"Inna, wannan da kike gani shi zai sa a riƙa ambaton sunana a Paris."

"A ce me ka yi?"

Polydoor ya juya mata baya. Ya zauna yana zaɓe, ya ware manya ya jera a tukwane, wani ɗan ƙarami da ya fi kowanne yamutsewa ya wurga shi ta ƙofa. Tsohuwa ta sa sandarta ta janyo shi.

"Wannan ya mutu, Inna."

"Ni ma haka kake cewa tun bara. Zo nan, ɗan'uwana," ta ce da ƙullin, ta jefa shi a aljihun zanenta.

Washegari aka ga majiya ƙarfi suna mirgino tsohuwar tukunyar dafa sabulu zuwa ɗakin gilashin da ke bayan gidan. Polydoor ya girke ta a tsakiya, ya cika da ruwa, ya hura wuta, ya toshe kowace kafa da tsumma. Kafin mako ya zagayo gilashin ya daina nuna abin da ke ciki. Sai dai a ga wata inuwa tana kai da kawowa cikin tururi, babu riga.

Tsirran suka fara rawaya.

"Sanyi suke ji," in ji Polydoor. Ya ƙara wuta.

Biyu suka yi laushi suka kwanta.

"Kewar gida ce," in ji shi. Ya tafi har Antwerpen ya sayo aku wajen wani matuƙin jirgi, don tsirran su riƙa jin muryar ƙasarsu. Akun bai iya komai ba sai ashar irin ta matuƙa. Ya yi kwana ɗaya a cikin tururi yana zagin iyayen kowa, washegari ya faɗo daga kan sandarsa a some. Eulalie ta fito da shi ta yi masa fifita da faranti. Da ya farfaɗo ya dubi Polydoor ya faɗi wata kalma da ta sa 'yar aikin gidan ta yi alamar gicciye.

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Dusar ƙanƙara ta rufe rufin kowane gida a unguwar ban da na Polydoor, wanda ya zama mahaɗar kyanwoyin garin kaf. Maƙwabcinsa mai gyaran takalma ya leƙo ta kan katanga.

"Maisabulu, uwargida ta ce a tambaye ka, ko za ka bari ta shanya wankinta a wutar Jahannamarka?"

"Ka ci gaba da dariya. Ran da sarki ya aiko a kai masa furen Tack, kai za ka goge min takalmi."

"Da kyau. Amma ina girarka ta tafi?"

Girar dai ta tafi ne tun ranar da ya sunkuya yana zuga wuta. Gashin bakin ma saura gefe ɗaya.

Ko Fada, limamin cocin garin, bai bar shi ba. Ran Lahadi ya yi wa'azi a kan azabar lahira, ya ce duk mai shakka ya je bayan gidan Tack ya sa kansa ta ƙofa. Rabin coci suka juyo suna kallon Polydoor, shi kuwa ya miƙe ya ɗan rusuna, a zatonsa yabo ne.

Kwal ɗin da aka tanada don hunturu ya ƙare kafin Kirsimeti. Ya sayi wani, ya ƙare. Ya hana a hura wuta a falo. Ya ƙona tsohon gadon baƙi, da kujera mai karyayyar ƙafa, daga baya har da masu lafiyayyun ƙafafu. Da ya ga tukunya ɗaya ba ta isa ba, sai idonsa ya faɗa kan murhun ƙarfen da ke ɗakin surukarsa.

"Aro zan yi, Inna. Zuwa Maris kawai."

"Ka ɗauke wa tsohuwa wuta ka kai wa albasa?"

"Ke kin saba da sanyin ƙasar nan, su kuwa baƙi ne."

"Eulalie! Zo ki ga abin da kika aura. Na ce miki ki auri mai gidan burodi, kika ce wannan ya fi ƙamshi."

"Polydoor, ka ji tsoron Allah," in ji Eulalie.

"Mace, ba ki san ilimi ba. Idan aka sa sunana a littafi, ai har da ku za a riƙa nunawa."

Aka fitar da murhun. Tsohuwa ta lulluɓa da barguna uku, ta ɗauki akun ta kai ɗakinta don ta sami abokin zagi. Daga ranar duk wanda ya bi ta ƙarƙashin tagarta zai ji muryoyi biyu suna tsine wa mutum ɗaya.

A watan Janairu, wata safiya, murfin tukunyar ya yi tsalle ya fasa rufin gilashin, tururi ya turnuƙe sama kamar gari ya kama da wuta. Aka kaɗa ƙararrawar gobara. Mutanen unguwa suka jeru daga bakin kogi suna miƙa bokiti hannu da hannu. Suna isowa suka tarar da Polydoor ya tare ƙofa da hannuwa biyu, daga shi sai gajeren wando.

"Kada wanda ya zuba! Ruwan sanyi ne! Za ku kashe min su!"

"Gidanka na ci, Maisabulu!"

"Ba ci yake ba, numfashi yake!"

Mutane sun riga sun ɗauko ruwa, kuma ba wanda ke son ya mayar da shi kogi. Mai gyaran takalma ya fara, sauran suka bi. Polydoor ya sha bokiti bayan bokiti a tsaye, yana kare ƙofa kamar soja. Ya yi mako yana atishawa, amma ya gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa ya ceci ilimi daga hannun jahilai.

Zuwa ƙarshen Fabrairu tukwane duk sun koma laka mai wari, sai ɗaya. A gindin wannan ɗayan wani farin abu ya ɓullo, dunƙulalle, yana ƙara girma kullum. Polydoor ya durƙusa a gabansa hawaye na zuba.

"Toho! Eulalie, toho!"

Don kada iska ta taɓa shi, ya kife masa ƙaramin akwatin gilashi, ya naɗe da bargo, ya rantse ba mai sake ganinsa, har shi kansa, sai a gaban jama'a. Ya sa aka buga sanarwa aka manna a ƙofar coci da ta masauki. Ya aika wa Farfesa Duquesne na Gent, wanda shi ne alƙalin bikin na bana, cewa ya taho da gilashin idonsa mafi kyau.

Ranar biki babban zauren gari ya cika. Ga furanni jere a kan tebura, ga matan manya da hulunansu, ga 'yan busa a kusurwa. Sai aka ji hayaniya a waje. Polydoor ne tafe a gaban amalanke, sanye da baƙar kwat da doguwar hula, ya zana gira da gawayi. A kan amalanken ga akwatin cikin barguna, kewaye da kaskon garwashi huɗu. A bakin ƙofa gefen bargo ya kama da wuta, ya kashe shi da hularsa, ya mayar da hular kansa tana hayaƙi.

Aka ɗora akwatin a teburin tsakiya. Ya yi jawabi a kan wuta, da tururi, da ƙarancin hankalin wasu likitoci. Ya ce yau sunan Tack zai bar kwalin sabulu ya shiga tarihi. Sannan ya ba 'yan busa alama, ya fizge bargo, ya ɗaga gilashi.

Wari ne ya fara fitowa, irin na kabejin da ya kwana uku a tukunya. Matan da ke gaba suka ja baya da hankici a hanci. A cikin tukunyar, tsakiyar baƙar laka, abu ya tsaya fari tas, da ƙafa ɗaya da 'yar laimarsa.

Farfesa ya gyara gilashin ido, ya sunkuya, ya daɗe.

"Yallaɓai," in ji shi a hankali, "naman kaza ne, abin nan da ke tsirowa a kan juji."

"Na Sabuwar Granada?" in ji Polydoor.

"Na bayan ɗakin doki."

"Ko dai haka furen yake farawa?"

"Haka yake ƙarewa," in ji Likita Rombaut. "Maris ya yi, Maisabulu. Da wane suna ka ce a kira ka?"

Daga bayan zaure mai gyaran takalma ya yi kukan jaki. Mai busa ƙaho ya taya shi. Dariya ta ɓarke har Fada na dafa bango.

Ana cikin haka wata murya ta ratso. "Ku ba ni hanya, 'yan nema. An ce akwai murhu a nan."

Tsohuwa Apollonia ce, Eulalie na riƙe da hannunta. Ba furanni suka kawo ta ba, ɗumi ta zo ji. Ta ja kujera gaban murhun zauren ta zauna, ta miƙa ƙafafu. Farfesa ya juya don ya gaishe ta, sai ya tsaya da baki buɗe. A jikin mayafinta, maƙale da allura, akwai wani reshe mai lanƙwasa ɗauke da furanni farare masu gefe kamar an yi musu ado da almakashi, kowanne da ɗigon ja a tsakiya.

"Baiwar Allah, ina kika sami wannan?"

"Wannan? Albasar da wancan ya yar ce. Na sa ta a fasasshen kwano a bakin taga, in na sha ruwa in zuba mata saura. Reshe biyu ta yi, na yanko ɗaya don kada in shigo cikin mutane kamar marainiya."

"Kin yanko!" Farfesa ya dafa ƙirji. "Ina ɗayan?"

Biki ya watse. Farfesa a gaba, 'yan ƙungiya a baya, rabin gari na biye, aka nufi gidan Tack. Suka cunkushe a ƙaramin ɗakin arewa, inda numfashin kowa ke fita fari, bango na tsattsafo da danshi. Ga fasasshen kwano a bakin taga, ga reshe na biyu ya buɗe sarai. Akun ya yi musu maraba da abin da ya iya.

Farfesa ya cire hula. "Ban taɓa ganin irinsa ba. Wannan ɗan kan duwatsu ne, can sama cikin gajimare, inda mutum ke kwana da bargo. Wane mai hikima ne ya fitar da murhu daga ɗakin nan?"

Polydoor ya kutso da kafaɗa. "Ni ne! Ni na fitar! Da gangan na yi, gwaji ne. Kuma gidana ne, akwatina ne, saboda haka sunan..."

"Magatakarda," in ji Likita, yana murmushi irin wanda bai yi ba tun Oktoba, "tuna mana dokar nan da ka rubuta. Na mai gida ne?"

Polydoor ya hau gyaran ƙonanniyar hularsa.

"Na wanda ya shayar da shi da hannunsa ne," in ji mai gyaran takalma daga bakin ƙofa. "Ko wane ne shi. Ai ka karanta mana ita a mashaya har mun haddace."

"Amma mace ce! Ba 'yar ƙungiya ba ce! Ko Latin ba ta ji!"

"Furen ma ba ya ji," in ji tsohuwa.

Wani dattijo cikin 'yan ƙungiya ya duba furen ya kaɗa kai ya ce da an ɗan sa shi a wuta da ya fi haka girma. Polydoor ya ji an zo wajensa, ya miƙa hannu zai ɗauki kwanon. Sandar tsohuwa ta sauka a kan yatsunsa.

Farfesa ya yanke hukunci biyu kafin ya tafi. Furen zai ɗauki sunan Apollonia Braeckman, kuma kada a kuskura a mayar da murhu ɗakin nan. Tsohuwa ta ce ba ta da ja, amma ita ta gama zaman sanyi saboda ilimi. A ranar ta sa aka kai gadonta da akunta babban ɗakin Polydoor mai kallon rana, aka girka mata murhunta a can. Tunda kuma dole wani ya kula da furen, ta ce ga mai son furanni nan, ya koma ɗakin arewa, a kai masa bargunanta uku.

Aika suna Gent aikin magatakarda ne. Polydoor ya ce yatsunsa sun kumbura. Da suka saɓe ya ce tawada ta daskare. Da ta narke ya ce ana ruwa. Ran da rana ta fito, tsohuwa ta sa mayafinta ta tsaya a kansa har ya fito da tsohuwar wasiƙar daga aljihun ƙirji, wadda tururi ya mayar kamar ganyen shayi, ya kwafe ta a sabuwar takarda. Da ya zo gurbin suna alƙalami ya tsaya.

"Rubuta, mijin Eulalie. Da manyan baƙaƙe, yadda ka yi naka."

Ta raka shi har gidan waya, tana dogara sanda, tana gaida mutanen da ba ta gaishe su ba shekara da shekaru. Ma'aikacin ya karɓi wasiƙar ya duba adireshi.

"Ta Gent ce? Ashe yau sunan Tack zai shiga tarihi."

"Zai shiga," in ji tsohuwa. "Yana can ƙasa, wajen sa hannu."

Polydoor ya lashi kan sarki ya manna, ya riƙe wasiƙar a bakin akwati yana kallonta. Tsohuwa ta ɗaga sanda kaɗan. Ya saki.